Son kai ne ko dogaro da kai? Muhawara kan halin Amurkawa

Abban Hanif:
Assalamu alaikum. Tunda watan Agusta na ƙaratowa, kuma akwai matasa a zauren nan da za su tafi Amurka karatu, ina roƙon masana su warware mana wata magana. Abu biyu ake yawan faɗa a kan Amurkawa, kuma ba sa zama inuwa ɗaya. Wasu su ce mutane ne masu fara'a, wanda bai taɓa ganinka ba ma zai yi maka murmushi ya riƙe maka ƙofa. Wasu su ce ƙasar kowa tasa ta fisshe shi ce, ɗa ya kai uwarsa gidan tsofaffi ya koma harkarsa. Wanne za mu ɗauka? Don Allah ban da "an ce", a kawo abin da mutum zai riƙe.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Duka biyun akwai, Abban Hanif. Amma mai son gane halinsu ya fara duba dokar aikinsu, don a nan aka dasa shi.

A jihohi 49 cikin 50, mai kamfani zai iya sallamarka yau ba tare da ya faɗi dalili ba, kai ma kana iya ajiye masa aikinsa yau. Montana ce kaɗai ta fita daban, da dokarta ta 1987 da ta ce bayan lokacin gwaji sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Abin da aka haramta shi ne kora saboda launin fata, addini, jinsi, asalin ƙasa, tsufa ko nakasa, sai kuma inda yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta kare ma'aikaci. Sanarwar mako biyu da ake bayarwa kafin barin aiki al'ada ce kawai.

Babu dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutun shekara mai albashi, ko da kwana ɗaya. Haihuwa ko jinyar iyaye kuwa, dokar 1993 ta ba da mako 12, ba albashi, shi ma sai kamfanin yana da ma'aikata 50, kai kuma ka yi masa wata 12 da awa 1,250. Wasu jihohin sun ƙara nasu mai albashi, da yawa ba su ƙara ba.

Sannan ga inshorar lafiya, wadda yawancin masu aiki ta hannun kamfaninsu suke samu. Asalinta lokacin yaƙin duniya na biyu ne: a 1942 gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jan ma'aikata da inshora, abin ya zauna. Don haka ranar da aiki ya tafi, asibitin iyalinka ma ya girgiza. Doka ta yarda ka ci gaba da tsohuwar inshorar har wata 18, amma kai za ka biya kuɗin gaba ɗaya, har da kason da kamfani yake biya maka a da.

To wanda ya tashi a cikin wannan, ka ce masa ya bar aiki kwana uku ya zo zaman makoki. Lissafin da yake yi a ransa ba irin naka ba ne.

Maman Ilham:
Malam ya fara da nauyi. Bari in sauko ƙasa, inda sabon zuwa yake fara tuntuɓe.

"Yaya kake" ɗinsu gaisuwa ce, kamar yadda mu ma muke cewa lafiya lau ko da zazzaɓi na cin mu. Amsa a taƙaice ka wuce. Inda muka bambanta shi ne gayyata. Idan ya ce "ya kamata mu ci abinci tare wata rana", ba a gayyace ka ba tukuna. Sai ka ji rana da lokaci da wuri. Kuma ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa, ko maƙwabci ne sai an tura saƙo.

Abin da ya fi kama yaranmu shi ne kara. Aka miƙo maka abinci ka ce "a'a na gode" kana jira a sake tayi, to an ɗauke kwanon ke nan, da yunwarka za ka kwana. A wurinsu a'a tana nufin a'a, matsa wa baƙo kuma rashin ladabi ne. Haka sunkuyar da kai gaban babba: mu tarbiyya muke gani, shi mai ɗaukar aiki gani yake kana ɓoye wani abu ko ba ka yarda da kanka ba. Dubi idonsa, ka ɗan kawar, ka sake dubawa. Ka bar tazarar kamar tsawon hannu tsakaninku.

Tambayoyin da ba a yi wa wanda ba a saba da shi ba: nawa ne albashinka, shekarunki nawa, me ya sa ba ki haihu ba, wa ka zaɓa, ya na ga kin yi ƙiba. Wannan ta ƙarshen ko da wasa.

Lokaci kuma kala-kala ne. Ganawar neman aiki, ka iso da saura minti 10. Asibiti, idan ka makara kamar kwata ana iya ɗage ka zuwa wata rana, wurare da yawa kuma suna cajin wanda bai zo ba bai kuma soke da awa 24 ba. Amma cin abinci a gidan mutum, kada ka riga lokaci. Minti biyar zuwa goma bayan lokacin shi ne daidai, don uwar gida na can tana ƙarasa girki.

Sadiq Funtuwa:
Hajiya, wannan ta abincin ta taɓa ni tun ban tafi ba. To malamin jami'a fa, da gaske da sunansa ake kiransa gatsau?

Malama Zainab:
Kada ka fara da kanka, Sadiq. A saƙon farko rubuta Farfesa ko Dakta da sunan danginsa. Idan ya sa hannu da sunansa na farko, ko ya ce a kira shi haka, sai ka bi. A wurin aiki kuwa kusan kowa da sunan farko ake kiransa, har shugaban kamfani. Abin yana da tushe: kundin tsarin mulkinsu na 1787 ya haramta wa gwamnati naɗa sarautar gargajiya irin ta Ingila. Ba su da "ranka ya daɗe". Amma kada sunan ya ruɗe ka, wanda kake kira da sunansa shi ne zai iya sallamarka da yamma.

Ga abin da ke kayar da ɗalibanmu. Ranar farko za a ba ka takardar tsarin kwas, da ranakun miƙa aiki da yadda aka raba maki. Riƙe ta kamar yarjejeniya. Idan ba za ka iya miƙa aiki a kan lokaci ba, rubuta wa malamin kafin ranar, bayan ranar uzuri ba ya tasiri. A kwasa-kwasai da yawa magana a aji tana da makinta, don haka shirun ladabi asara ne, kuma musu da malami da hujja ba raini ba ne a wurinsu. Kowane malami yana da awannin da yake zama a ofis don ɗalibai. Ka riƙa zuwa, don daga nan takardar shaida take fitowa ranar da kake neman tallafi ko aiki.

Babban ramin shi ne satar rubutu. Ka ɗauko jimlar wani ba ka nuna mai ita ba, ko ka ba abokinka aikinka ya duba ya kwafa, ku biyun za a gurfanar. Abin da kai kake gani taimakon ɗan'uwa ne, su ha'inci suke kiransa, don maki na mutum ɗaya ne. Hukuncin yana farawa daga sifili a aikin har zuwa kora, kora kuma tana tafiya da biza. Aiki ma, mai bizar karatu awa 20 a mako aka yarda masa lokacin zango, a cikin jami'a. Na waje sai da izini a rubuce.

Iyaye kuma su ji wannan: a ƙarƙashin dokar 1974 kan sirrin bayanan ɗalibi, da zarar yaro ya shiga jami'a sakamakonsa nasa ne. Uban da yake biyan kuɗin makaranta zai kira a ce masa sai ɗan ya sa hannu.

Ɗan Gumel:
Ni fa ina da ja. Kuna ta maimaita dogaro da kai kamar gaskiya ce. Labari ne da suke ba kansu. A 1862 shugaban ƙasa Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba mutum eka 160 kusan kyauta, in dai ya zauna ya noma shekara biyar, ƙasar kuma daga hannun 'yan asalin nahiyar aka ƙwace ta. A 1944 gwamnati ta biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙi kuɗin jami'a, ta tsaya musu a bashin gida. Tun 1934 hukumar gidaje ta tarayya take tsaya wa masu sayen gida, a wancan zamanin kuma ta riƙa guje wa unguwannin baƙar fata, waɗanda aka zagaye da jan layi a taswira. Jikan wanda ya samu gidan nan shi ne yau yake cewa da guminsa ya tashi. Fanshon gwamnati na 1935 ma da farko ya bar ma'aikatan gona da masu aikatau a waje, kuma kowa ya san su wane ne mafi yawansu a kudu.

Daidaito kuma? Jefferson da ya rubuta a takardar 'yancin kan Amurka ta 1776 cewa an halicci mutane daidai ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Sai 1865 aka soke bauta, sai 1964 aka haramta wariya a wurin aiki da otal, 1965 aka kare ƙuri'ar baƙar fata, 1968 aka hana wariya a sayar da gida. Jiya-jiya ke nan.

Malam Habu:
Ban musa ko ɗaya ba, Ɗan Gumel, shekarunka daidai suke. Amma Abban Hanif tambaya ya yi a kan abin da mutane suka yi imani da shi, imani kuma yana aiki ko da tarihi bai goyi bayansa ba. Ba'amurken da ya rasa aiki yakan fara zargin kansa, ya ji kunyar karɓar tallafi, ya ɓoye wa maƙwabci. Wannan halin gaske ne, ko daga ina ya samo asali.

Kuma lura da yadda waɗanda aka zalunta suka yi faɗan. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Washinton, 1963, bai ce a yar da takardar 1776 ba. Cewa ya yi caki ne aka rubuta wa baƙar fata, suka kai banki aka ce ba kuɗi, sun zo karɓar haƙƙinsu. Har yau haka ake neman abu a can: ka kama su da maganarsu, a rubuce.

Ɗan Gumel:
Na yarda da rabi. Sauran rabin sai ranar da unguwa ta daina yanke wa yaro irin makarantar da zai shiga.

Barista Aisha:
Wannan "a rubuce" da Malam ya faɗa ita ce ta fi shafar Musulmi, bari in buɗe ta.

Gyaran farko na kundin tsarin mulki, na 1791, ya hana gwamnati kafa addinin ƙasa, ya hana ta tauye ibada ko magana. Gwamnati fa aka ɗaure wa hannu. Kamfani mai zaman kansa yana iya korarka a kan abin da ka wallafa a Facebook, gyaran farko ba zai cece ka ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ta faru.

Abin da ke kare ibadarka a wurin aiki dokar 1964 ce, wadda ta hau kan duk mai ma'aikata 15 zuwa sama. Dole ya yi maka sassauci a kan addini matuƙar ba zai jawo masa babbar asara ba. A 2015 kotun ƙoli ta ba wata Musulma gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. A 2023 kuma, a ƙarar wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ba ya son aikin Lahadi, kotun ta ce ƙaramar takura ba ta isa hujjar ƙi ba.

Yadda ake neman Juma'a: rubuta wa shugabanka da ofishin kula da ma'aikata saƙo, ka ce buƙata ce ta addini, ka faɗi lokacin daidai, misali ƙarfe 1 zuwa 2:30, ka kawo yadda za ka rama, ko ka zo da wuri ko ka tashi a makare. Ajiye kwafin amsar. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙa sulalewa ana dawowa, ko a dogara da "ba komai" ta baki daga wani shugaba. Ranar da aka canza shi, rajista za ta nuna ka yi ta barin aiki ba izini, kuma korar ta halatta.

Masallaci ma haka. Dokar 2000 ta hana ƙananan hukumomi fakewa da tsarin gari don hana gina wurin ibada. Hamtramck a Mishigan ta yarda da kiran salla a lasifika a 2004, Minneapolis ta yarda da duka biyar ɗin a 2023, har da Asuba. Duk ta zaman majalisar gari aka samu, mutane suka je suka yi magana.

Amma wuƙar baki biyu gare ta. Dokar da ta kare hudubarka ita ce ta kare mai zagin addininka a bakin titi, kamar yadda kotun ƙoli ta kare mai ƙona tutar Amurka a 1989. Ka ɗaga masa hannu, kai za a kama. Kuma 'yancin yana da iyaka: tun 1879, a shari'ar wani ɗan ɗarikar Mormon, kotu ta ce addini ba ya halatta auren mace fiye da ɗaya. Har yau laifi ne a duk jihohi, kuma yana iya hana mutum takardar zama.

Ustaz Kabiru:
Barista, Allah ya saka. Tarbiyyar yara fa? Ana cewa yaro zai iya kira wa ubansa 'yan sanda.

Barista Aisha:
Zai iya, Ustaz, lambar kiran gaggawa, 911, lamba uku ce kawai. Amma yawanci ba yaron ne yake kira ba. Malamin makaranta, likita da ma'aikaciyar jinya doka ta wajabta musu kai rahoto idan suka ga alamar cutarwa, in suka yi shiru su ne a ciki. Babu jihar da ta haramta horo mai sauƙi daga iyaye, amma da zarar bulala ko wayar caja ta bar shaida a jiki, an shiga wani babi: ma'aikatan kare yara za su zo gida, su yi hira da yaran su kaɗai, wani lokaci su ɗauke su kafin a je kotu.

Wanda ya fi kama iyayenmu ma ba duka ba ne, barin yara ne. A jihar Maryland laifi ne a bar yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, mai tsaronsa kuma sai ya kai 13. Yarinya 'yar tara da goyon ƙaninta, uwa ta leƙa kanti, wannan a can rahoto ne. Kowace jiha da nata ƙa'idar, a duba kafin a saba.

Alhaji Mudi:
Ku bar ni da ɓangaren kuɗi, don a nan ake gane yadda suke auna amana.

Na farko tukwici. A gidan abincin da ake zama a kawo maka, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne, yanzu 20 ɗin ya fi yawa. Abincin dala 40, ɗauki kashi ɗaya cikin goma ka ninka biyu, dala 8. Dalili: mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma na mai karɓar tukwici dala 2.13 ne tun 1991. Doka ta ce in tukwicin bai cike giɓin ba mai gidan abincin ya cike. Jihohi bakwai, ciki har da Kalifoniya da Minesota, sun ce a biya cikakken albashi, amma ko a can ana bayarwa. Wanda ya tashi bai ajiye ba, albashin mai kawo abincin ya ci. A duba rasit, idan kuna da yawa wani lokaci an riga an saka. Kuma farashin da ke jikin kaya a kanti ban da harajin saye, sai a wurin biya zai hau, in ban da jihohi biyar irin su Oregon da Delaware da ba su da na jiha.

Na biyu makin bashi. A nan gida mai haya yakan tambayi ɗan gidan wane ne kai. A can lamba yake dubawa, daga 300 zuwa 850. Kamfanoni uku ne suke tara tarihinka: Equifax, Experian da TransUnion. A ma'aunin FICO, wanda ake lissafa makin da shi, kashi 35 na biya a kan lokaci ne, 30 na yawan abin da ake bin ka, 15 na daɗewar tarihin, sauran 20 na sabon bashi da ire-irensa. Wanda bai taɓa cin bashi ba ba shi da maki sam, don haka mai tsoron bashi shi ne yake shan wuyar samun haya.

Hanyar farawa: buɗe katin da ake ajiye jingina, misali dala 500, iyakarsa ke nan. Kada abin da ka kashe ya wuce 150. Sa biya ya riƙa fita da kansa. Bayan wata shida maki zai fito. Jinkirin da ya kai kwana 30 ana kai rahotonsa, kuma shekara bakwai yake yi a tarihinka.

Na uku, wanda zumunci yake jefa mutanenmu: kada ka sa hannu ka tsaya wa wani a bashin mota ko haya sai ka shirya biya da kanka. Ya yi jinkiri, makinka ne zai faɗi tare da nasa. Shi ya sa Ba'amurke zai kai ka filin jirgi da asuba, ya taya ka kwashe kaya, amma ka ce ya tsaya maka ya ce a'a ba ko kunya.

Ustaz Kabiru:
Alhaji, katin nan ba riba ba ce?

Alhaji Mudi:
Ta fuskar lissafi, Ustaz, idan ka biya duka abin da ke takardar wata kafin ranar ƙarshe, ko sisi ba a ɗora maka. Doka ta ce a ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar da ranar biya. Tarkon shi ne ɗan ƙaramin adadin da suke rubutawa a matsayin mafi ƙarancin biya. Ka biya shi kaɗai, ruwa ya hau kan ragowar, kuma yakan haura kashi 20 a shekara. Cire tsabar kuɗi da katin ma ruwa yake farawa a ranar. Ta fuskar hukunci kuwa malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da sharaɗin ruwa yake ciki, wannan fagenku ne ba nawa ba.

Maman Ilham:
Har yanzu ba a amsa wa Abban Hanif maganar gidan tsofaffi ba. Waɗanda suke zaune a gidajen jinya ba su kai kashi 5 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama ba. Yawancinsu suna gidajensu, kuma su ne suke ƙin komawa wurin 'ya'ya, don a wurinsu zama nauyi a kan ɗa abin kunya ne. Tsarin ma haka aka gina shi: ana cire kashi 6.2 na albashinka, kamfani ya ƙara 6.2, bayan aikin kamar shekara goma ka cancanci fansho, a 65 kuma inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, ta karɓe ka. Ɗawainiyar da ɗa yake yi a wurinmu, su tun suna aiki suka biya ta. Kaɗaici dai akwai shi, wannan ba a ɓoye shi. Kuma gidan jinyar tsada gare shi ƙwarai, Medicare ba ta biyan dogon zama, sai mutum ya cinye abin da ya tara sannan Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, ta shigo.

Malam Habu:
In ƙara a kan na Hajiya. Taimakon da mu muke bi da shi ta dangi, su ta ƙungiya suke bi da shi. Fiye da rabin 'yan kwana-kwanan ƙasar 'yan sa kai ne, musamman a ƙananan garuruwa. Coci da masallaci suna da rumbun rabon abinci. Mutum zai ba da Asabar ɗinsa ya koya wa yaran unguwa ƙwallo, amma ƙaninsa ya nemi rance ya ce su rubuta. Baƙon da yake jiran wani ya lura da halin da yake ciki zai daɗe yana jira. Akwai taimako, amma sai ka je ka tambaya, ka cike fom.

Maganar Ɗan Gumel ta makaranta kuma gaskiya ce. Kuɗin makarantun gwamnati kusan rabi daga jiha yake, kusan rabi daga ƙaramar hukuma, yawanci harajin gidaje, tarayya kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Adireshinka ne yake zaɓa wa ɗanka makaranta. Mai neman haya ya duba gundumar makaranta kafin ya duba girman falo. Kuma kada a ari adireshin ɗan'uwa, an gurfanar da iyaye a kan haka.

Sadiq Funtuwa:
Saura bindiga da 'yan sanda, shi ne abin da iyayenmu suka fi tsoro.

Barista Aisha:
A taƙaice, ƙanina. Kotun ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa, jihohi da yawa kuma sun ba mai gida damar kare kansa da ita. Don haka kada ka ratsa ta farfajiyar mutum, kada ka zagaya bayan gida. Ƙofar gaba, danna ƙararrawa, ja da baya taku biyu. Da dare ka tabbatar da lambar gidan kafin ka sauka daga mota.

Ɗan sanda ya kunna maka fitila, gangara dama ka tsaya, sauke gilas, kunna fitilar ciki idan dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito sai ya ce. Kafin ka miƙa hannu aljihu ko akwatin mota, faɗa masa abin da za ka ɗauko. Ba a roƙo, ba a "yallaɓai a duba", na goro kuwa laifi ne da ya fi wanda aka tsayar da kai a kansa. Sa hannu a takardar tara ba amsa laifi ba ne, musu a kotu ake yi.

Ɗaya kuma da ba a cika faɗa ba. A ofishin lasisin tuƙi, saboda dokar 1993, ana tambayar mutum ko yana son rajistar zaɓe. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya ce a'a, ya kuma karanta fom ɗin kafin ya sa hannu. Yin iƙirarin zama ɗan ƙasa a takarda, ko da kuskure ne, yana iya jawo kora daga ƙasar da rufe ƙofar dawowa.

Abban Hanif:
To idan takardar kiran zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta zo fa? Na ji ita ma tana zuwa wa baƙi.

Barista Aisha:
Tana zuwa, don daga rajistar lasisin tuƙi ake ɗebo sunaye a jihohi da yawa. Kada a jefar da ita, ƙin amsawa yana iya jawo tara. Akwai gurbin da aka tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Ka zaɓi a'a, ka haɗa kwafin shaidar da suka nema, ka mayar kafin ranar da aka rubuta, ka ajiye hoton abin da ka aika.